Kowa na neman lamba tara, baya kuma na yoyo

Ɗan ƙwallon da ya fi yin suna a duniya cikin waɗanda Jihar Kebbi ta haifa mai tsaron baya ne. Zaidu Sanusi, ɗan Jega, lamba uku yake bugawa, wato baya ta hagu. Amma tambayi masu cika gidajen kallo a Yelwa ko Wara abin da suke tuna shi da shi, yawancinsu ƙwallo ɗaya za su ambata: wadda ya ci Benfica a Lisbon ranar 7 ga Mayu, 2022, ana dab da tashi, ta tabbatar wa Porto kofin Fotugal na wannan kakar. Sau nawa ya juyo a guje ya cike gurbin da wani ya bari, sau nawa ya tare hanya har ɗan gaba ya haƙura ya mayar da ƙwallo baya, wannan babu wanda ya riƙe. Ido ƙwallo yake bi, aikin ɗan baya kuwa rabinsa a inda ƙwallo ba ta kai ba ake yin sa.

Ɗan kallo ya biya kuɗinsa, yana da damar ya kalli abin da ya ga dama. Damuwar ita ce masu haɗa ƙungiya su ma da wannan idon suke zaɓe. Duk wanda ya san gasannin da ake yi a ƙasar Yauri bayan an kawar da amfanin gona, kofin ciyaman ne, na ɗan majalisa ne, ko na Sallah, ya san yadda abin yake. Da ƙungiyar unguwa ta kai wasan kusa da na ƙarshe sai a yi karo-karo, a aika Kwantagora ko Zuru ko Birnin Kebbi a ɗauko sojan haya. Kusan kullum lamba tara ake ɗaukowa, ko wani mai yanka da zai sa fili ya ɗauki sowa. Baya kuwa a bar ta ga wanda ya fi tsawo, da wanda ya fi jiki, da wanda aka rasa inda za a sa shi amma yayansa ne ya sayi riguna. Gola shi ne duk wanda ya yarda ya tsaya. In aka sha kashi da ci uku da biyu, a dawo gida ana zagin ɗan hayar da ya ɓarar da ƙwallo ɗaya, babu mai tambayar ta ina ukun suka shigo.

Manya ma sun taɓa faɗawa ramin nan. A kakar 2013/14 Liverpool ta zura ƙwallo 101 a Firimiyar Ingila, Luis Suarez da Daniel Sturridge suna cin karensu babu babbaka, amma aka zura mata 50, ta ƙare ta biyu. Manchester City da ta ɗauki kofin da ƙwallo ɗaya tak ta fi ta ci, sai dai ita 37 aka ci ta. Liverpool ba ta miƙe ba sai da ta zube fam miliyan 75 ta sayi Virgil van Dijk daga Southampton a farkon 2018, ta ƙara da gola Alisson daga Roma a tsakiyar shekarar. A kakar 2018/19 ƙwallo 22 kacal aka zura mata a Firimiya, ta kuma ɗauki kofin zakarun Turai, shekara na zagayowa ta ɗauki Firimiyar da ta yi shekara 30 tana jira. Magoya bayan Chelsea, waɗanda ba su da kaɗan a bakin Kainji, suna da nasu abin tinƙaho: 15 kawai aka ci su a kakar 2004/05 ƙarƙashin Mourinho.

Ƙwallon ƙafa wasa ne mai rowar ci. Minti 90 kan ƙare da ƙwallo biyu ko uku jimilla, saboda haka kuskure guda yana iya cinye wahalar yini. Ƙungiyar da ba a ci ta ba, ko ba komai ta tashi da maki ɗaya. Wadda ta ci ɗaya kuwa ba ta da tabbacin komai. Chris Anderson da David Sally, a littafinsu The Numbers Game na 2013, sun bi alƙaluman gasannin Turai suka kafa hujjar cewa raunin mafi rauni a cikin sha ɗaya ya fi juya sakamako a kan gwanintar gwaninsu. Mutumin Ngaski ba sai ya karanta littafi zai gane wannan ba. Ka ɗaura wa kwale-kwale injin da ya fi kowane ƙarfi a tafki, in katako ɗaya ya tsage a ƙasa, ƙarfin injin ba zai hana ruwa shiga ba. Abokan karawa masu wayo ba ruwansu da gwaninka. Lamba biyunka da ba ya iya juyawa da sauri suke nema, su yi ta aika masa ƙwallo har ya ba da kai.

Sai dai in an ce baya ta lalace, ba lallai laifin yana wurin 'yan bayan ba. Leicester City ta ɗauki Firimiya a 2016 an zura mata ƙwallo 36. A kakar da ta biyo, da Kasper Schmeichel ɗin a raga, da Wes Morgan da Robert Huth ɗin a gabansa, 63 aka zura mata, ta ƙare ta 12. Mutanen ba su mance ƙwallo a dare ɗaya ba. N'Golo Kanté ne ya koma Chelsea, shi da ke tsaye a gabansu yana kashe wutar tun kafin ta iso gida. Manyan kuɗin da Leicester ta kashe a wannan lokacin kuwa a kan 'yan gaba ne, Ahmed Musa namu da Islam Slimani. Sai a Janairun 2017 ta ɗauko Wilfred Ndidi daga Genk ta toshe gurbin. Kocin da ya ga ana cin sa ya ruga neman sabon lamba biyar, alhali lamba shidansa ne ba ya komawa, ko 'yan gabansa ne ke tsayawa riƙe da ƙugu da zarar ƙwallo ta kuɓuce, ya yi asarar kuɗi kuma ciwon na nan.

Yadda aka gano Kanté ɗin ma abin dubawa ne. A Caen yake, ƙungiyar da ba ta da wani suna a Faransa, gajere, marar hayaniya, irin wanda a filin unguwa za a ce ya jira sai an gaji. Masu farautar 'yan wasa na Leicester, ƙarƙashin Steve Walsh, suka ga alƙalumansa na ƙwace ƙwallo da tsinke ta a hanya sun fita daban, suka bi shi da kallo, aka saye shi a 2015 kan abin da bai kai fam miliyan 6 ba. A yau kamfanoni irin su Opta da Wyscout suna rubuta kowace taɓa ƙwallo a manyan gasanni: wa ya ba wa, daga ina, da wace ƙafa, a minti na nawa. Ƙungiyar da ba ta da kuɗin gogayya da manya sai ta zauna a kan wannan tarin bayanai tana neman wanda kasuwa ta raina.

Wanda ya fi yin suna da wannan hanya shi ne Matthew Benham, mai Brentford ta Landan, wanda ya yi arzikinsa ta lissafin cacar wasanni. Sana'ar ba abin koyi ba ce a wurinmu, amma lissafin ba shi da laifi. A 2014 ya sayi kaso mafi tsoka a Midtjylland ta Denmak, a 2015 ta ɗauki kofin ƙasar karon farko a tarihinta, da ƙwallaye masu yawa daga kwana da bugun tazara, domin sun gano nan ne ake samun ci da arha kuma yawancin ƙungiyoyi ba sa ba shi lokaci a atisaye. Brentford kuwa ta hau Firimiya a 2021 bayan shekara 74 ba ta buga rukunin farko ba. Labarin ya taɓo Najeriya: Midtjylland ta daɗe da ƙawance da FC Ebedei ta Jihar Ogun, ta nan Paul Onuachu da Frank Onyeka da Raphael Onyedika suka bi, shi Onyeka ya zarce Brentford a 2021. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya daga Ogun zuwa Turai. Zaidu kuwa sai da ya bi ta Mirandela a rukuni na uku na Fotugal, da Santa Clara da ke tsibiran Azores, kafin Porto ta ɗauke shi a 2020.

Ma'aunin da ya fi yawo a bakin masu sharhi shi ne xG. Ana tattara dubban bugu da aka taɓa yi daga wuri iri ɗaya, a yanayi iri ɗaya, a ga nawa suka shiga. Fenareti kusan uku cikin huɗu ke shiga. Bugu daga nesa, irin wanda ke tayar da gidan kallo tsaye, ƙalilan ne cikin ɗari. Amfaninsa ga mai gyaran baya shi ne a juya shi: wane irin dama muke bai wa abokan karawa? Ƙungiya tana iya cin wasa uku a jere ba a ci ta ba, alhali a kowane wasa an fuskanci golanta ido da ido sau huɗu. Wannan baya ba ta da lafiya, sa'a ce da gola suka rufa mata asiri, kuma asirin zai tonu. Wata kuma a ci ta biyu daga bugun nesa da ba a saba gani ba, a kori koci, alhali tsarinsa daidai yake.

A kan ɗan baya ne kuma alƙaluma suka fi yaudara, kuma masu ɗokin kwamfuta ba su cika son a faɗi haka ba. A 2001 Alex Ferguson, kocin Manchester United a lokacin, ya sayar da ɗan baya Jaap Stam ga Lazio. An ruwaito cewa cikin dalilansa har da alƙaluman da suka nuna Stam ya rage kai ƙafa don ƙwace ƙwallo, aka ɗauka ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Stam ya ci gaba da buga manyan wasanni shekaru, har wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a 2005 yana taka wa AC Milan leda, Ferguson kuma daga baya ya amsa cewa sayar da shi kuskure ne. Ɗan bayan da ya iya tsayuwa ba ya yawan zubewa ƙasa, domin ya riga ƙwallo isa wurin. Wanda kullum wandonsa ke cike da ƙura, mai yiwuwa makara yake yi. Ga kuma wani tarko: ɗan bayan ƙaramar ƙungiya da ake kai wa hari tun daga farko har ƙarshe dole ya tara alƙaluman tarewa da cirewa fiye da na babbar ƙungiya da ke riƙe ƙwallo. In ba a gyara lissafin da wannan ba, mafi shan wahala ne zai fito a matsayin mafi iyawa.

Ana kuma yin kuskuren ta ɗaya gefen, a yanke wa mutum hukunci da sakamakon ƙungiyarsa. Hull City ta faɗi daga Firimiya a 2017 an zura mata ƙwallo 80. Daga cikin wannan bayan da ta zama abin dariya Liverpool ta ɗauki Andy Robertson kan fam miliyan 8, Leicester ta ɗauki Harry Maguire, wanda bayan shekara biyu ta sayar wa Manchester United kan fam miliyan 80. Muna da namu a gida. A 2022 Katsina United ta faɗi daga Firimiyar Najeriya tare da Kano Pillars. A shekarar ne golanta Stanley Nwabali ya tafi Chippa United ta Afirka ta Kudu ba tare da wani ya damu ba. Farkon 2024 sai ga shi a ragar Super Eagles a gasar cin kofin Afirka a Kwaddibuwa, inda koci José Peseiro ya ƙara mutum a baya, aka yi wasa huɗu a jere ba a ci Najeriya ba, da Zaidu cikin masu tsaron gefen hagu. Nwabali ya tare fenareti biyu a wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu. Lokacin da yake Katsina ana kallon sa duk mako, amma ba a ajiye abin da zai raba aikinsa da na ƙungiyar da ke nutsewa ba.

A gasarmu ta gida babbar cutar ita ce rashin haƙuri. Yawancin ƙungiyoyin na gwamnatocin jihohi ne, kuɗi ba ya fitowa sai kaka ta gabato, a sallami rabin 'yan wasa, a kira gwaji na 'yan kwanaki, matasa su cika fili. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka ake yi duk shekara. A gwajin minti 20 ɗan gaba zai iya yanka biyu ya ci ɗaya a rubuta sunansa. Lamba huɗu me zai nuna, shi da aikinsa ya dogara ga sanin lokacin da abokinsa zai fita da lokacin da gola zai kira? Baya sabo take so. Lokacin da Kano Pillars ta ɗauki kofi sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, ginshiƙanta sun daɗe tare, Theophilus Afelokhai a raga, Rabi'u Ali a tsakiya. Remo Stars ta Ikenne, mallakin Kunle Soname, ta riƙe kocinta Daniel Ogunmodede, ta jingina da makarantarta ta Beyond Limits, ta zo ta biyu sau biyu a jere kafin ta ɗauki kofin a 2025. A wurin da ciyaman ke sauyawa da sauyin gwamna, da wuya a bar koci ya zo na biyu sau biyu.

Akwai kuma abin da duk mai son auna ɗan baya a Najeriya ya kamata ya sa a ransa: wasan gida da na waje kamar gasa biyu ne daban. Pillars ta yi shekara 12 ba a doke ta a gida ba kafin Nasarawa United ta karya tarihin a 2015. Iyawa na ciki, amma tafiyar yini a mota, da 'yan kallo, da matsin da alƙalin wasa ke shiga, duk suna ciki. Wanda ke son sanin gaskiyar lamba biyar, ya duba abin da ya yi a waje.

To, me ya haɗa ƙungiyar matasa a Zamare ko Shanga ko Libata da duk wannan? Ba ta da kuɗin Wyscout, kuma ko tana da shi babu wasanninta a ciki. Amma abin da Brentford ta yi ba na'ura ba ce tushensa, ƙin yarda ne da abin da aka tuna, sai abin da aka rubuta. Littafin rubutu na makaranta da biro sun isa a fara. A sa mutum ɗaya, malamin firamare ne ko ɗalibin da ba ya buga wasa, duk ƙwallon da aka ci ƙungiya ya rubuta minti, da gefen da ta biyo, da yadda ta faro: kwana ce, dogon bugu ne ta saman kai, ko ƙwallo ce aka ɓarar a tsakiya. Ya rubuta har waɗanda ya kamata su shiga Allah ya kiyaye. Bayan wasa goma littafin zai faɗi abin da gardamar majalisa ba za ta taɓa faɗa ba. Zai yiwu a tarar yawancin ƙwallayen bayan minti 70 suke shiga, maganin ke nan gudu da numfashi, babu buƙatar sabon mutum. Zai yiwu kwana ce, wadda rabin awa na atisaye sau biyu a mako ke gyarawa kyauta. Wayar hannu ɗaya a kan wuri mai tudu, ta ɗauki fili gaba ɗaya maimakon bin ƙwallo, za ta nuna wa koci inda 'yan bayansa ke tsaye lokacin da kowa ke kallon wani wuri.

Filayenmu ma suna da hannu wajen irin ɗan bayan da muke fitarwa. A kan tsakuwa da busasshiyar ƙasar rani yaro ba ya son zubewa, sai ya koyi tsayawa da ƙafafunsa yana bin ɗan gaba a hankali, kuma wannan ɗabi'a ce da kociyoyin Turai ke nema. Amma ƙwallo ba ta tafiya daidai a irin wannan fili, saboda haka tun yana ƙarami ake yi masa tsawa ya cire ta ko ina ta faɗa. Ya girma bai iya karɓa ya ɗaga kai ya ba na kusa ba, alhali yau abin da ake fara dubawa ke nan a ɗan baya. Mai zaɓe ya san wannan gibin na fili ne, ana cike shi, kada ya yar da yaro mai karanta wasa saboda shi.

Alƙalami mafi tsada a duk harkar kuwa shi ne shekarun haihuwa. Ɗan shekara 16 da ke riƙe manya da ɗan shekara 23 da ke yin haka ba kaya ɗaya ba ne a kasuwa, kuma duk lissafin da aka ɗora a kan shekarun ƙarya ya rushe. Tun 2009 FIFA ke amfani da hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17. A 2016 'yan wasa 26 na Golden Eaglets suka faɗi wannan gwajin ana shirin karawa da Nijar, Nijar ɗin kuma ta fitar da Najeriya, ƙasar da ta ɗauki kofin duniya na wannan rukuni sau biyar. Takardar haihuwa ta gaskiya da aka yanka tun yaro na goye ta fi duk bidiyon yanka da dillali zai tura.

Rubutun kuma kuɗi ne a zahiri. A dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. A ce an sayar da yaro kan Yuro miliyan 4: Yuro 200,000 ke nan na masu reno, kuma ƙungiyar da ta riƙe shi daga 12 zuwa 15 kaɗai tana da Yuro 40,000 a ciki. Duk lokacin da aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasa, a sake rabawa. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da ke bin diddigin waɗannan kuɗaɗe ta na'ura. Amma abin da ke cikin rajista kaɗai na'urar ke gani. In ƙungiyar Yelwa ba ta yi rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ba, ko ta yi amma ba ta shigar da sunan yaron ba, shekarun da kocinsa ya yi yana saya masa takalmi da kuɗin aljihunsa za su tafi ga makarantar Legas ko Abuja da ta riƙe shi wata shida ta rubuta.

Wahalar da ta rage ba ta lissafi ba ce. Littafin zai nuna cewa ta gefen lamba biyu ake shigowa, lamba biyun kuma ƙanen mai sayen riguna ne, ko yaron da wani babba ya aiko da takarda. Koci a Shanga da koci a ƙungiyar gwamnati duk sun san wannan zaman. Wanda ya zo da baki kawai za a ce ƙiyayya ce. Wanda ya buɗe shafi ya nuna wasa goma, da minti, da gefe, aƙalla ya tilasta wa mai kuɗin ya faɗi da bakinsa cewa ya fi son ƙanensa a fili a kan kofin.